Azuzuwan Turanci na Kyauta a New York: Tambayoyi da Amsoshi ga Sababbin Zuwa

Waɗannan tambayoyi ne da 'yan uwa suke yawan yi mana a ƙofar masallaci, a shagon kitso, a wajen suna, ko ta waya da daddare bayan an tashi daga aiki. Masu yin su mutanen Agadas ne da Damagaram da Maraɗi, da 'yan zangon Kumasi da Nima, da mutanen Kano da Sakkwato, waɗanda rabo ya kawo Bronx da Harlem. Ni ɗaya ce daga cikin masu aikin sa kai a irin waɗannan azuzuwa. Burinmu bai wuce kowane baligi ya iya faɗin damuwarsa da bakinsa ba, a gaban likita, a gaban malamar 'ya'yansa, a gaban mai gidan haya, ba sai ya jira wani ya tashi daga aiki ya raka shi ba.

Wane irin aji ne wannan, kuma su wa ke koyarwa?

Iri biyu ne, kuma yana da kyau a bambance su tun farko. Akwai aji sosai mai rajista da littafi da jarrabawar gwaji, wanda malami mai albashi yake jagoranta, masu sa kai kuma suna zagayawa suna taimaka wa wanda aka bari a baya. Akwai kuma zaman hira, inda mutum goma ko goma sha biyar suke zagaye tebur, mai sa kai yana jan zaren magana, ba alli ba jarrabawa. Duk inda kuka ga an manna takarda da haruffan ESOL ko ESL, ajin Turanci ne na waɗanda ba harshensu ba ne.

Laburaren birni, wato New York Public Library, yana da irin waɗannan azuzuwa a rassansa na Bronx da Manhattan da Staten Island. Brooklyn da Queens kowanne da nasa laburaren, su ma suna yi. Ofishin magajin gari mai kula da lamuran baƙi yana da shirin We Speak NYC: a kalli ɗan gajeren wasan kwaikwayo a kan rayuwar baƙi a birnin nan, sannan a tattauna a kai, kuma masu sa kai ne suke jagorantar zaman. Hukumar makarantun birni ma tana da azuzuwan manya ga wanda ya kai shekara 21. Ga kuma na ƙungiyoyin unguwa da masallatai da coci-coci.

Abin ya daɗe a ƙasar nan. A 1962 wata mata mai suna Ruth Colvin ta kafa ƙungiyar masu sa kai don koya wa manya karatu a garin Syracuse, cikin wannan jiha tamu. Kafin ita akwai Frank Laubach, wanda ya yi suna da tsarin nan na wanda ya koya ya koya wa wani. Ƙungiyoyinsu biyu sun haɗe a 2002 suka zama ProLiteracy. Wanda ya ji labarin ajin yaƙi da jahilci a bakin kakanninsa ba zai ga baƙon abu ba.

Da gaske kyauta ne, ko daga baya za a ce a kawo wani abu?

Kyauta ne. Na laburare da na hukumar makarantu da na We Speak NYC ba a biyan ko sisi. Abin da zai fita daga aljihunka kuɗin bas ne ko na jirgin ƙasa, sai littafin rubutu da fensir. Duk wanda ya ce ka ba shi wani abu zai sama maka gurbi, cuta ce, kada ka bayar.

Ba ni da takardun zama. Za a karɓe ni? Ba za a kai sunana wani wuri ba?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi da ƙaramar murya, kuma mai yin ta yana da hujja. A yawancin azuzuwan unguwa da zaman hira ba a neman fasfo ko katin zama. Suna ake rubutawa da lambar waya da adireshi, don a san yadda za a sanar da kai idan an ɗage aji. Tun 2003 akwai umarni mai lamba 41 da magajin gari Michael Bloomberg ya sa wa hannu, wanda ya hana ma'aikatan birni tambayar mutum matsayinsa na shige da fice sai inda doka ta wajabta.

Sai dai akwai abin lura. Wasu azuzuwan da kuɗin gwamnatin tarayya suke tafiya, kuma a 2025 gwamnatin ta sanar da niyyar taƙaita irin waɗannan shirye-shirye ga masu takardu, har jihohi da dama, ciki har da New York, suka kai ƙara kotu. Saboda haka kafin ka cika kowace takarda, ka tambayi mai rajista kai tsaye: waɗanne takardu kuke nema, kuma wa yake ganin abin da na rubuta? Haƙƙinka ne ka tambaya. Idan amsar ba ta kwanta maka ba, ka nemi zaman hira na masu sa kai.

Idan katin shaida kake buƙata, akwai IDNYC da birni ya fara bayarwa a 2015, kyauta, ba tare da an duba matsayin zama ba.

Ban taɓa shiga makarantar boko ba. Allo kawai na yi. Ina zan fara?

Malam, wanda ya yi allo ba jahili ba ne, kuma ina roƙon kada ka gabatar da kanka a haka. Ranar gwaji, idan an tambaye ka ko ka iya karatu da wani harshe, ka ce ka iya da Larabci, ka iya rubuta Hausa da ajami in ka iya. Wannan amsa tana sauya ajin da za a sa ka. Wanda ya san cewa baƙi da wasali suna haɗuwa su ba da sauti, wanda hannunsa ya saba da alƙalami, wanda ya zauna ya haddace izu bayan izu, ya riga ya mallaki rabin abin da ake wahalar koya wa wanda bai taɓa riƙe abin rubutu ba. Abin da ya rage masa haruffa 26 ne, da sabawa da fara layi daga hagu.

Na lura almajiran allo sun fi kowa riƙe kalmomi. Inda suke shan wuya shi ne rubutun Turanci ba ya bin furucinsa yadda na Hausa yake bi. Harafi ɗaya sai ya yi sauti uku, wani kuma a rubuta shi ba a furta shi. Wannan ba laifin kwanyar kowa ba ne, 'ya'yan Turawan ma shekaru suke yi suna fama da shi.

Wanda kuma bai yi allon ba bai yi bokon ba, shi ma akwai ajinsa, inda ake farawa daga riƙon fensir da rubuta suna. A nan ne masu sa kai suka fi amfani, don irin wannan ɗalibi yana buƙatar wanda zai zauna kusa da shi.

Na haura hamsin. Ba abin kunya ba ne in zauna da sa'o'in 'ya'yana?

Gemu ba ya hana ilimi. Kuma in kika shiga, Hajiya, za ki tarar da dattijuwa daga Bangaladash, da tsoho daga Yaman, da kaka daga Jamhuriyar Dominika, kowa yana ta lalube irin naki. Ba wanda yake da sukunin yi wa wani dariya. In ido ya fara rauni, a zo da tabarau a zauna a gaba.

Na yi makaranta da Faransanci a Nijar. Ni kuma na zo da Turancina daga Gana. Mu ma sai mun shiga?

Mai Faransanci yana da babbar riba a karatu da rubutu, don kalmomin ofis da na asibiti da na kotu da yawa kusan ɗaya suke a harsunan biyu. Matsalarsa kunne ne da baki: ya ga kalma ya gane ta, a furta masa ita ya rasa. Irinsa zaman hira ya fi yi masa amfani fiye da ajin nahawu.

Wanda ya zo daga Najeriya ko Gana da Turancinsa, sau da yawa ba ajin farko yake buƙata ba. Abin da ke ba shi haushi shi ne yana magana daidai amma ana ce masa ya maimaita, shi ma kuma ba ya kama saurin bakin mutanen Bronx, balle a waya. Wata biyu ko uku na zaman hira suna warware yawancin wannan. Daga nan sai ya nufi abin da ya fi girma: jarrabawar GED, wadda take madadin shaidar sakandare, ko kuma shirin CLIP na jami'ar birni, wato ajin Turanci mai zurfi na awa 25 a mako, da ake yi a wurare irin su kwalejin Hostos da Bronx Community College. Shi wannan ana biyan ɗan kuɗi kaɗan.

Me ake koyarwa a zahiri?

Abin da za ka buƙata gobe da safe. Ga misalin darasi guda da muke yi idan sanyi ya kusa. Ana jera kujeru biyu baya da baya, don kada ɗaya ya ga bakin ɗaya, kamar dai a waya. Ɗaya mai haya ne, ɗaya ma'aikacin layin 311, wato lambar da ake kira don kai ƙorafi ko neman bayani a hukumomin birni. Mai haya zai faɗi sunansa harafi bayan harafi, ya faɗi lambar gida da ta ɗaki, ya ce babu zafi a gidan tun jiya kuma akwai jariri. Kafin a fara, malama ta riga ta rubuta dokar a allo: daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, da rana idan sanyin waje ya yi ƙasa da digiri 55, dole cikin gida ya kai 68, da dare kuma 62. A ma'aunin Fahrenheit ke nan, 68 ɗin nan shi ne 20 a ma'aunin da muka saba da shi a gida. Da farko murya tana rawa, a manta lambar ɗaki, a fashe da dariya, a sake. Kafin a tashi, kowa ya yi kiran sau biyu ko uku. Mutum ya fita da jimla biyar da kuma sanin cewa yana da haƙƙi a kan mai gida.

Haka ake yi da takardar jikin kwalbar magani, da takardar albashi don a ga ko awowin sun cika, da kiran wurin aiki a ce ba a da lafiya, da kiran 911, lambar neman agajin gaggawa. Ana daɗewa a kan lambobi, don sha uku da talatin, sha biyar da hamsin, a Turanci kusan sauti ɗaya ne a kunnen sabon zuwa, kuma a nan ake cutar mutane a ciniki. Ana daɗewa a kan kwanan wata, don a Amurka wata ake fara rubutawa kafin rana: 03/04 na nufin 4 ga Maris, ba 3 ga Afrilu ba. Mutane sun rasa ganin likita saboda wannan, kuma mai zaman kotu a gabansa ba shi da damar yin irin wannan kuskure.

Mu Hausawa muna da namu wurin tuntuɓe, harafin p da f, da kuma v da b. Malamai kan ba ɗalibi 'yar takarda ya riƙe a gaban leɓɓansa. In ya furta p daidai, iska ta buga takardar ta motsa.

Wata nawa zan yi kafin in iya?

Ba zan yi maka alkawarin da ba zai cika ba. Masu shirya jarrabawar Cambridge suna ƙiyasta kimanin awa 200 na darasi kafin mutum ya tashi daga mataki ɗaya zuwa na gaba. Idan ajinka awa 4 ne a mako, lissafin ya kama mako 50, kusan shekara guda a kan mataki ɗaya. Shi ya sa nake cewa ajin shi kaɗai ba ya isa. Waɗanda na ga sun yi sauri su ne masu fita da darasin waje: su karanta sunan kowace tasha a jirgi, su tambayi farashi da kansu ko da ɗan uwa yana tsaye, su kunna rediyon Turanci suna girki. Bidiyoyin We Speak NYC suna intanet kyauta, haka ma darussan USA Learns, kuma ana iya bin su a waya.

Gaisuwa, lambobi, adireshi da neman taimako kuwa, cikin 'yan makonni ake kama su.

Aikina ba shi da tsayayyen lokaci. Yaya zan yi?

Mai kai saƙon abinci a keke, mai kitso, mai jinyar tsofaffi a gida, direban tasi, duk mun san halin da kuke ciki. Akwai ajin safe, na yamma, na Asabar, da wanda ake yi ta Zoom. Aji mai rajista yana lissafin fashi, don akwai mutane a layin jira, kuma wanda ya ɓace ba labari ana ba wani kujerarsa. In ka san ba za ka iya riƙe lokaci ba, ka fara da zaman hira, wanda galibi ake shiga ranar da aka samu dama. In kuma kana aji sai aiki ya sauya, ka aika wa malami saƙo ko na layi ɗaya ne. Malamai suna yi wa wanda ya sanar uzuri.

Maigida yana aiki, ni ina gida da yara. Shi ya iya, ba ya isa ba?

Bai isa ba, 'yar uwa, kuma wannan magana ina yin ta ne har da mazan. Wa ke gida idan yaro ya ƙone da ruwan zafi? Wa makaranta take kira da tsakar rana? Wa ake miƙa wa takarda a ɗakin awo a ce ta sa hannu? Maigida yana kan titi ko yana wurin aikin da ba a ɗaga waya. Macen da ta shekara biyar a Bronx ba ta iya faɗin adireshinta a waya ba tana cikin haɗari, ita da 'ya'yanta, ko da kuwa mijinta ya fi kowa kirki. Alhaji, barin iyali su je aji kariya ce ga gidanka.

Maganar yara kuwa, birni yana da ajin 'yan shekara huɗu kyauta tun 2014, da na 'yan shekara uku da aka fara a 2017, sai uwa ta samu safiya. Wasu makarantun firamare suna da ajin iyaye a cikin ginin, a tambayi jami'in hulɗa da iyaye, kusan kowace makarantar gwamnati tana da shi. Akwai kuma shirin iyali, inda uwa da yaro suke zama tare a karanta littafin hotuna. Amma ba kowane aji ne yake yarda a shiga da goyo ba, a tambaya kafin a ɗauko hanya. Na ga mata uku maƙwabta sun yi karɓa-karɓa, yau wannan ta riƙe yara biyun su tafi, gobe wata.

Ɗana ya iya Turanci sosai. Me zai hana ya riƙa yi mini tafinta?

A kanti ko a bas babu laifi. A asibiti da ofishin hukuma kuwa, nauyi ne da ya fi ƙarfin yaro. Akwai ciwon da uwa ba za ta iya faɗa a gaban ɗanta ba, sai ta ɓoye, likita ya ba da maganin da ba shi ba. Akwai labarin da bai kamata yarinya 'yar shekara goma ta fara ji ba, balle ta zama ita ce mai faɗa wa mahaifinta. Tun 2006 ƙa'idar jihar New York ta wajabta wa asibitoci samar da tafinta kyauta, kuma ba ta yarda a sa yaron da bai kai shekara 16 ba ya yi wannan aiki sai in gaggawa ce.

Dokar birni ta 2017 ta zaɓi harsuna goma da hukumomi za su riƙa fassara takardu da su. Akwai Faransanci da Larabci, babu Hausa. Ana samun tafintan Hausa ta waya, amma wani lokaci sai an jira. Don haka jimlar da muke fara koya wa kowa ita ce ta neman tafinta da faɗin sunan harshensa.

Ajin a coci ake yi, kuma maza da mata a haɗe. Ya halatta in je? Azumi fa?

Hukunci na malamai ne, ni abin da na gani zan faɗa. Coci-coci da yawa ɗaki kawai suke bayarwa, darasin kuma Turanci ne zalla. In ka ga ana cusa wa'azi, ko zuciyarka ba ta natsu ba, laburare yana nan. Yawancin azuzuwa a haɗe suke, amma wasu ƙungiyoyi da masallatai suna ware na mata. Ba mai hana hijabi. Wadda ba ta musabaha da maza ta ɗora hannu a ƙirji ta yi murmushi, an saba da haka a birnin nan. Lokacin salla a fita a yi a dawo. Da azumi ajin yamma yakan ci karo da buɗa baki, sai a sanar da malami tun kafin wata ya kama.

Malaminmu mutumin kirki ne. Zai iya cika mini takardun neman mafaka?

A'a, kuma in ya ƙi kada ka ji haushinsa. A dokar Amurka lauya ne kawai, ko wakilin da ma'aikatar shari'a ta amince da shi, yake da ikon ba da shawara a kan shige da fice. Kuskure ɗaya a takarda yana iya bin mutum shekaru. Mai sa kai zai iya karanta maka wasiƙa ya gaya maka ranar da aka rubuta a ciki, ya kuma nuna maka inda ake samun lauya kyauta, ta layin 311 ko ta ƙungiyoyi irin su African Services Committee da ke Harlem. A yi hattara da masu shaguna da suke cika takardu su karɓi ɗaruruwan daloli.

Wane Turanci ake nema a jarrabawar zama ɗan ƙasa?

Jami'i zai yi hira da kai a kan abin da ka cika a takardarka, nan yake auna maganarka. Zai ba ka jimla har uku ka karanta ɗaya daidai, ya yi maka shifta har uku ka rubuta ɗaya daidai, sannan tambayoyin tarihi da tsarin mulki. Wanda ya kai shekara 50 kuma ya shekara 20 da katin zama na dindindin, ko ya kai 55 ya shekara 15 da shi, an ɗauke masa Turancin, zai amsa tambayoyin da harshensa ta bakin tafinta. Akwai azuzuwa na musamman don wannan shiri.

In na dage da Turanci a gida, ba zai taimaki yara ba?

Ki yi musu Hausa. Turanci zai same su a makaranta da titi da talabijin ko kin so ko ba ki so ba. Hausar ce ba su da inda za su same ta sai a bakinki, kuma ita ce za su gaisa da kakarsu da ita a waya. Turancinki ki yi shi da maƙwabta da malamansu. In kina son su taya ki, ki ba su littafinki su yi miki shifta, yara suna jin daɗin wannan matuƙa.

Na ɗan iya. Zan iya taimakawa?

Muna nemanka ruwa a jallo. Masu sa kai da yawa Amurkawa ne, ɗaliban jami'a da waɗanda suka yi ritaya, masu haƙuri da kyakkyawar niyya, amma ba su jin Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci. Dattijon da ya shigo ranar farko yana rarraba ido, in ya ji an ce masa sannu da zuwa Baba, ga kujera, to da wuya ya fasa dawowa. Ba a neman shaidar malanta. Ana ba da ɗan horo, a nemi awa biyu ko uku a mako na tsawon zango guda, inda akwai yara kuma a binciki tarihin mutum. Sharuɗɗan da na fi ba muhimmanci biyu ne: ka bar ɗalibi ya yi magana ko da yana jan lokaci, kada ka ƙarasa masa, kuma abin da ka ji a aji kada ya kai majalisa.

To ina zan je in yi rajista?

Ka shiga reshen laburare mafi kusa da kai, ka je teburin tambaya ka ce ESOL. A Bronx babban reshen yana kan titin East Kingsbridge, kusa da Fordham. Ko ka kira 311 ka ce Hausa, ko Faransanci in kana ji, a haɗa ka da tafinta. Yawanci za a ba ka ranar zaman bayani, a yi maka ɗan gwaji na baka don a san ajin da ya dace da kai. Gwajin ba a faɗuwa, kuma kada ka sa wani ya raɗa maka amsa, don za a kai ka ajin da ya fi ƙarfinka. Gurabe suna cika da wuri, musamman a watan Satumba da Janairu. In an ce babu wuri, ka sa a rubuta sunanka a layin jira, ka yi rajista a wuri na biyu, sannan ka tambayi ranar zaman hira na wannan makon ka fara da shi. Ka zo da adireshinka da lambar wayarka a rubuce a takarda.